Gyaran Gangar Auzinawa: Ni Da Direban Katin Hoto A Yelwa

Kwana biyu an ji ni shiru, har wasu suka ɗauka na koma gida Maraɗi ne. Ina nan Bauchi, ban je ko'ina ba. Kunya ce ta riƙe ni, domin abin da zan rubuta yau ba labarin bajinta ba ne. Kuskure na tafka a kan kwamfutar wani bawan Allah, kuskuren da ya kusa jawo masa maimaita shekara guda a makaranta. Na daɗe ina jujjuya maganar a raina, daga baya na ga gara in faɗe ta, tunda na lura ba ni kaɗai ke wannan ɗanyen aiki ba a cikin masu taɓa gyaran kwamfuta a nan Yelwa.

Ga wanda bai san wurin ba, Yelwa tana kan hanyar Dass ne in an fito daga cikin garin Bauchi. Nan tsohon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, in ka ƙara gaba kaɗan kuma ka tarar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji. Saboda haka unguwa ce ta ɗalibai, kuma kusan kowane ɗalibi yana rataye da laftof ta gwanjo wadda ta gama wa wani Bature aiki shekara takwas ko goma kafin ta iso hannunsa. Ni ba injiniya ba ne, sakandare na gama. Ɗan tebur nake da shi a shagon wani abokina mai hoton takardu. Abin da ya fara jawo mini masu gyara shi ne ɗan Faransancin da na tsinta a firamare kafin mu dawo Nijeriya, domin wasu kwamfutocin ta Kwatano suke shigowa, Windows ɗinsu da Faransanci, haruffan madanninsu ma a jirkice. Sai ka ji an ce, a kai wa ɗan Nijar. Da haka har aka fara kira na Injiniya, ni kuma ban hana ba.

Bari in ɗan yi bayani domin mai karatun da ba harkarsa ba ce. A cikin kwamfuta akwai abin da ake kira katin hoto, yara nan suna ce masa girafik. Shi ke ɗaukar nauyin zana duk wani abu mai wuya da ake gani a fuskar kwamfuta, kamar wasan ƙwallo ko hoton gini mai tsawo da faɗi da zurfi. Windows ba ta jin yaren katin kai tsaye, sai da tafinta. Wannan tafintan, wanda manhaja ce, shi ake kira direba. In babu shi, ko kuma aka saka wanda ba nasa ba, katin yana nan a cikin kwamfutar amma tamkar babu shi.

Direbobin kamfanin NVIDIA, wanda katunansa suka fi yawa a hannun ɗaliban zane, sun yi ƙiba ƙwarai. Wajen 2006 direba bai kai megabayit 100 ba, yau kuwa ya haura 600. Ba direban kaɗai ke cikin ƙunshin ba, akwai tarkace: na ɗaukar bidiyon wasa, na aika bayanan yadda ake amfani da katin zuwa kamfani, da sauransu. Wannan ya sa shafin TechPowerUp ya fitar da wata 'yar manhaja kyauta a 2019 mai suna NVCleanstall. Aikinta ta kwance ƙunshin, ta jera maka abin da ke ciki, ka zaɓi wanda kake so ka bar sauran. Har tana iya sake ɗaure maka ɗan ƙaramin ƙunshi ka ajiye a filash, gobe in an kawo irin wannan kwamfutar ba sai ka sake ƙona data ba. A ƙasar da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ba sai an yi wa mutum dogon bayani kan amfanin wannan ba.

To, ga abin da ya faru. Wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe mai karatun zanen gine-gine ya kawo mini laftof ɗinsa ranar wata Lahadi. An yi mata fomatin a wani wuri, tun daga nan manhajar da yake fitar da hoton gininsa ta daina sauri. Ranar Alhamis zai tsaya gaban malamai ya kare aikinsa. Na duba, katin GeForce GT 750M ne. Na buɗe NVCleanstall, ta duba katin ta ce ga direban da ya dace da shi, mai lamba 425.31, na shekarar 2019. Ina ganin 2019 sai na yatsine fuska. Na ce a raina, yaya za a yi mutum ya biya ni kuɗi in saka masa abin da ya shekara shida? Sai na tsallake shawararta, na zaɓo sabon direba fil da hannuna. Ya ƙi shiga, ya ce bai ga katin da ya dace da shi ba a wannan kwamfuta.

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. A can shafin ƙarshe na manhajar akwai wani akwati da in ka taɓa shi za ta ba ka damar cusa sunan katinka cikin jerin katunan da direban ya yarda da su. Na taɓa, na cusa. Windows ta fito da jan gargaɗi cewa ba ta iya tantance wanda ya wallafa wannan direba ba, na ce mata ta ci gaba. Koren layi ya cika, aka rubuto an gama lafiya. Na kashe na kunna, hoto ya fito tas. Na karɓi kuɗina, har ina yi masa burgar cewa na saka masa na bana. Ya ce, "Allah Ya saka, Injiniya," ya tafi.

Daren Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ga kiransa. Muryarsa na rawa. Ya ce, "Malam, don Allah kana ina? Abin nan ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, kuma gobe ƙarfe tara ne." Ashe kwana ukun nan yana ta gyaran zanen shimfiɗe ne wanda ba ya bukatar kati, sai da ya zo fitar da hotunan ƙarshe asiri ya tonu.

Da na buɗe Device Manager, inda Windows ke jera duk kayan da ke jikin kwamfuta, sai ga alamar motsin rai ruwan ɗorawa a kan sunan katin, da lamba 43. Ma'anarta Windows ta dakatar da na'urar saboda ta kawo ƙorafi. Dalilin da ya sa ban gane ba tun ranar Lahadi shi ne, irin waɗannan laftof kati biyu gare su. Akwai ƙarami na Intel da ke haska fuskar kwamfutar kullum, sai babba na NVIDIA da ake tasa in aiki ya yi nauyi. Tsarin Optimus ke nan, wanda aka fito da shi a 2010 don a rage cin batir. Hoton da na gani ya fito tas, na Intel ne. Babban katin tun ranar Lahadi yake kwance. Duba ɗaya na minti guda ya isa ya nuna mini haka, ban yi ba, don na riga na yarda da kaina.

Sai daga baya na fahimci inda gizo ke saƙar. A cikin kowane direba akwai wata 'yar takarda mai ƙarewa da INF, wadda ita ce kamar rajistar mai gadi: lambobin katunan da aka yarda su shiga. Kowane kati yana da lambar shaida, na NVIDIA duk suna ɗauke da 10DE, na AMD 1002, na Intel 8086. In sunanka ba ya cikin rajista, ɗayan biyu ne. Ko dai akwai ɗakinka a cikin gidan, sunanka ne kawai ba a rubuta ba, ko kuma an rushe ɗakin gaba ɗaya. GT 750M ɗan gidan Kepler ne. Kamfanin ya daina yi wa Kepler na laftof sabon direba a watan Afrilun 2019, amma ya ci gaba da yi wa Kepler na kwamfutar tebur har zuwa 2021, a jerin direbobi na 470. Saboda haka wanda ya cusa sunan wannan kati a direban jerin 470, yana iya dacewa, don har lokacin ɗakin Kepler yana nan, kuma mutane da dama sun yi hakan ya yi musu aiki. Amma daga nan gaba an cire yaren Kepler ɗungurum. Ni na rubuta sunan baƙo a rajista, mai gadi ya buɗe ƙofa, baƙo ya shiga ya tarar da fili. Hausawa na cewa gyaran gangar Auzinawa, ga shi kuwa daga ƙasarsu na fito.

Daren nan ba mu yi barci ba. Babu wuta, sai da na tashi abokina ya ba ni makullin shago muka tayar da janareta. Saukarwar farko ta katse a tsakiya, fayil ɗin ya zo da rauni, da na buɗe shi ya ce bayanan ciki sun lalace. Wannan ma wani abu ne da ke sa mutane su zargi manhaja alhali layin sadarwa ne ya yanke. A karo na biyu ya sauko cikakke. Na tayar da kwamfutar a yanayin lallaɓa, wanda masu gyara ke kira sef-mod, na sa DDU ta share duk wani ɓurɓushin direban da na cusa. Na kashe intanet, domin in ka bar ta a kunne Windows kan yi riga-malam-masallaci ta sauko da nata direban tana cikin aikinka, su haɗu su cakuɗe. Na tabbatar direban Intel yana zaune daram, sannan na saka 425.31, wanda aka ba ni shawara tun ranar Lahadi na raina. Alamar ruwan ɗorawa ta ɓace. Ana kiran assalatu hoton farko yana fita. Cikin hotuna shida da ya shirya nunawa, huɗu ya samu ya tafi da su. Ya tsallake, alhamdu lillahi, amma ba da makin da ya sa rai ba, kuma ni na san dalili.

Da na ba mahaifina labari, bai san mene ne direba ba, bai kuma nemi ya sani ba. Shi dilar gwanjo yake sayarwa tun muna Maraɗi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, da ka yanke ɗaurin, ka gaya wa mai kaya?" Na ce a'a, Baba. Ya ce to nan ne laifinka, sauran duk kuskure ne. A sana'arsu, dila tana zuwa ne ɗaure da ɗamarar ƙarfe daga inda aka matse ta. Muddin ɗaurin yana nan, mai saye ya san ba a taɓa ba. Ba haramun ba ne ka yanke ka tsince, ka ware na ɗaya da na biyu. Amma ka yanke, ka sake ɗaurewa, ka miƙa wa mutum ba ka ce komai ba, wannan algus ne.

Wallahi haka abin yake a direba. Kowane direba yana zuwa da hatimin da ke shaida cewa daga kamfani yake kuma ba a taɓa shi ba, kuma tun zamanin Windows Vista Microsoft ta fara tsanantawa kan wannan hatimi, saboda direba a can cikin cikin babbar manhaja yake aiki, inda in ya yi ɓarna babu mai tare shi. In ka yi amfani da NVCleanstall ka rage tarkace kawai, direban kansa ba a taɓa shi ba. Amma da zarar ka sa hannu a rajistar nan, hatimin kamfani ya karye, sai manhajar ta buga wani nata a madadinsa. Jan gargaɗin da na danne ke nan. Wasu wasannin intanet masu tsaron maguɗi ma kan ƙi buɗewa in suka ga irin wannan. Mai kwamfuta yana da haƙƙin ya san an yi masa haka, kuma a ganina in ba a gaya masa ba an ci amanarsa, ko da kuwa abin ya yi aiki.

Na san akwai masu cewa a bar irin waɗannan manhajoji kwata-kwata, a tsaya kan abin da kamfani ya bayar. Wani dattijo cikin masu gyara, wanda ya fara tun zamanin gidajen intanet na haya, haka ya gaya mini. Yana da hujja. Tun Nuwamban 2024 da aka maye gurbin GeForce Experience da NVIDIA App, ba a tilasta wa mutum buɗe asusu kamar da, kuma ko a ƙunshin kamfanin kana iya zaɓar direba kaɗai. Amma ban bi shi duka ba. Wanda ke da sabuwar kwamfuta da intanet mara yankewa ba zai ji nauyin tarkacen ba. Laftof mai ƙwaƙwalwar gigabayit 4 da tsohon faifai mai juyawa kuwa, duk abin da ke tashi a ɓoye tana jin sa a jikinta. Kuma manhajar ba ta yi mini ƙarya ba. Gaskiya ta gaya mini tun farko, ni na ƙi ji. In aski ya yanke mutum ba a kai ƙarar maƙeri.

Abin da na ƙi yarda da shi yanzu shi ne wannan aƙida tamu ta cewa sabo shi ne mai kyau. Ɗalibi zai zo ya ce a saka masa na ƙarshe, mai gyara kuma yana jin kunyar ya ce na shekarun baya ne daidai da kwamfutarka, kada a ce bai iya ba. Kuma matsalar ƙaruwa za ta yi. A 2025 NVIDIA ta sanar cewa jerin 580 shi ne na ƙarshe ga gidajen Maxwell da Pascal, sai dai gyaran tsaro da za ta ci gaba da fitarwa har Oktoban 2028. Wato su GTX 750 Ti, da 940MX, da GTX 960M, da GTX 1050, da 1060, waɗanda su ne ɗalibi ke ganin ya yi sa'a in ya samu, duk sun bi sahun Kepler. Ga Windows 10 ita ma Microsoft ta janye mata tallafi ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk wanda ke gyara a Yelwa zai riƙa cin karo da saƙon "ban ga katin da ya dace ba" fiye da da, akwatin nan kuma yana nan yana kiran hannu. Ban ce tsohon direba ba shi da aibi ba. Wanda aka daina yi wa gyaran tsaro, in an gano ɓaraka a jikinsa haka za ta zauna. Amma kati mai aiki da tsohon direba ya fi kati kwance da sabo, kuma wannan ma magana ce da za a gaya wa mai kaya ya zaɓa.

Rage tarkacen ma yana da nasa ramin, kada a ce na wanke shi tas. Na taɓa cire ɓangaren sauti don ina ganin kwamfuta ai tana da nata, sai mai ita ya jona da talabijin ta wayar HDMI hoto ya fito babu murya. Wani ya cire PhysX, tsohon wasansa ya ƙi tashi. Mai laftof mai kati biyu in ya cire ɓangaren Optimus ya nemo wa kansa rigima. Sannan tun ƙarshen 2021 direbobin duk sun koma tsarin DCH, inda allon saita katin daga Microsoft Store yake saukowa, mu kuma nan an cika saka wa mutane Windows ɗin da wani ya yi wa aski ya cire Store ɗin. Sai a gama saka direba a nemi allon saiti a rasa, a ce manhaja ce ta cinye shi. Ƙa'idar da na ɗaukar wa kaina ita ce, abin da ban san aikinsa ba, ba na cire shi.

Akwai kuma inda laifin ba na direba ba ne, ba na manhaja ba, ba ma na mai gyara ba. Masu gidajen wasan ƙwallo na kwamfuta sun san wannan. Akwai katunan jabu a kasuwannin duniya, inda ake ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 a sauya masa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa ya riƙa cewa shi GTX 1050 Ti ne. Ba ya karɓar direban 1050 Ti na gaskiya, sai wanda aka haɗo shi da shi a faifai. In ka ga sabon kati a farashin da ya yi daɗi da yawa, ga kuma ramin VGA mai shuɗi a bayansa, to ka yi hattara. Manhajar GPU-Z, ita ma ta TechPowerUp, tun 2018 take iya tona asirin da yawa daga cikinsu. An taɓa kawo mini irinsa bayan an zagaya da shi shago uku, kowa na cusa masa direba da ƙarfi. Da na gaya wa mai shi gaskiya, fushi ya yi da ni, ba da wanda ya sayar masa ba.

Wani abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke yawo da waɗannan kayan aiki daga filash zuwa filash, ba wanda ya san asalin inda aka samo su. A 2022 an gano shafukan bogi da ke raba MSI Afterburner ɗauke da manhajar haƙar kuɗin intanet a ɓoye. A shekarar ce kuma 'yan kutsen Lapsus$ suka sace bayanan NVIDIA, har aka ga miyagun manhajoji ɗauke da hatimin kamfanin da aka sata. In mai gyara ya saba danne jan gargaɗi ba tare da ya karanta ba, ranar da gargaɗin zai zama na gaske ma dannewa zai yi. Ni yanzu daga shafin masu ita kaɗai nake sauko da kowace.

Bayan kwana biyu na nemi ɗalibin nan na mayar masa da kuɗinsa. Ya ƙi karɓa, ya ce ai na kwana ina yi masa aiki. Na ce aikin da na kwana yi gyaran ɓarnata ne, kuma na zauna na bayyana masa abin da na taɓa ranar Lahadi, dalla-dalla. Ya yi shiru, sannan ya karɓi rabi, ya ce rabin na man janareta ne. Yanzu akwai ɗan littafi a kan teburina, duk kwamfutar da ta zo ina rubuta sunan katinta, da lambar direban da na saka, da abin da na cire, in yage kwafi in ba mai ita. Kafin ya tashi kuma sai ya buɗe manhajar da ya zo dominta a gabana, mun ga katin ya ɗauka tare. Makon jiya wani ya karanta takardarsa ya ga 2019, ya ce shi ba zai biya kuɗin tsohon abu ba, ya ɗauki laftof ɗinsa ya tsallaka titi.